Batir Na Biyu

Har yau ban manta da wata Litinin a damunar 2006 ba, lokacin ina jami'in kwamfuta a wani shirin rajistar manoma a Zuru. Ni kaɗai na san kan na'ura a ofishin, kuma gaskiya kaina ya ɗan kumbura. Ni na rubuta manhajar shigar da sunayen manoma. Da yake ƙauyuka babu wuta, na sa mata dabara: da zarar caji ya sauko kashi biyar cikin ɗari, sai ta adana aiki ta kashe laftof da kanta.

Ana nan aka kawo sabuwar laftof mai batir biyu, ɗaya a mazauninsa, ɗaya a gurbin saka faifan CD. Aka ba Madam Rifkatu, ma'aikaciyar wucin gadi, matar wani soja da ya rasu ya bar mata yara huɗu. Sau biyu tana hawa kabu-kabu zuwa Wasagu, sau biyu na'urar na mutuwa kafin azahar, manoma su watse suna gunaguni.

Shugabanmu Alhaji Bawa ya kira ta a gabana.

"Batir biyu munka ba ki, kowa na yini da guda. Mi kinka yi da su? Ko ɗiyanki na kallon fim, ko an musanya miki."

"Oga, Allah ne shaidana, ban ba kowa ba," in ji ta. "Duba, jan farcena yana nan."

A lokacin duk wanda aka ba na'ura sai ya ɗiga wa batirinta jan farce ko ya karce shi da ƙusa, don gudun musanya wurin masu gyara. Alhaji ya ce jan farce ai cike yake da kasuwa. A ƙa'idarmu ba a ba ma'aikacin wucin gadi takardar tuhuma, sallama ce kai tsaye. Ya ce in duba na'urar in kawo rahoto kafin a tashi.

Na kunna laftof ban buɗe manhajata ba. Ta tashi garau. Na zare batir na farko, ko gezau. Da na duba, na farko, wanda shi ne ƙarami, ya ƙare, na biyu cike yake maƙil. Ashe manhajata batir na farko kaɗai take dubawa, don lokacin da na rubuta ta ban taɓa ganin laftof mai biyu ba.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciya ta raya mini in gyara manhajar a ɓoye, in rubuta cewa batir ya yi rauni. Wa zai gane? Ta taga na hango Rifkatu a kan benci, ta riga ta kwashe kofinta da Littafinta Mai Tsarki daga tebur, ta rungume jaka a cinya. Kunya ta kama ni. Na tashi na faɗa wa Alhaji komai.

Ya dube ni ya ce, "Ashe mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Kira min ita."

Da ta shigo ya ce, "Madam, mun ɗauki alhakinki, ki yi haƙuri. Aikinki na nan."

Ta sulale kan kujera tana share hawaye da gefen zane.

Kafin a tashi na gyara manhajar. Na sa ta fara ƙirga batir nawa ne, ta haɗa cajin da ya rage a cikinsu duka, ta auna shi da abin da suke iya ɗauka tare, tunda girmansu ba ɗaya ba ne. Hukuncina kuwa, Alhaji ya ce in bi ta Wasagu in ba manoma haƙuri da bakina. Ranar da muka je, har la'asar na'urar ba ta mutu ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku riƙe wannan. In na'ura da ƙaramin ma'aikaci suka saɓa, na'ura ake gaskatawa. Alhali ita ma wani ne ya faɗa mata abin da za ta ce, kuma a ranar nan wanin ni ne.