Faifan da muka ba da aro

Har yau ban manta da ranar da na zare faifai daga babbar kwamfutar ofishinmu ba. Lokacin ina shekara ta huɗu da fara kula da na'urori a wani kamfanin fiton kaya a Zone portuaire, unguwar tashar jiragen ruwa. Mai kamfanin, Alhaji Garba, shi ya riƙe ni ya sa ni makaranta, Baba nake ce masa.

Ga wanda bai san aikin ba, kwamfutar faifai biyu gare ta. Duk takardar da aka shigar tana hawa kan dukansu a lokaci guda, don in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba. A ciki takardun kwastan na 'yan kasuwar Adjamé suke.

Wata Litinin faifan maƙwabcinmu Alhaji Isa ya mutu. Garinsu ɗaya da Baba, sai ya shigo neman aro kamar yadda ake aron amalanke a kasuwa.

Baba ya kira ni. "Sadisu, ba ka ce biyu ne, kuma abu ɗaya ne a ciki ba? In an cire guda, ça marche?"

"Za ta yi aiki, Baba, amma..."

"To ba shi, sati ɗaya ne. Ba zan ce wa Isa babu ba alhali akwai."

Na san kuskure ne. Kunya ta hana ni musu a gaban baƙo, ko kwafi ban tsaya yi ba.

Sati ya zama wata biyu, babu mai fuskar tambaya. Wata Alhamis da hantsi faifan da ya rage mana ya fara ƙara, ya tsaya cak. Wanda muka ba da aro kuwa tun ranar farko aka goge shi.

A lokacin akwai huhunan goron wani dattijo, Malam Audu, suna jiran jirgin Legas. Kafin mu sake haɗa takardunsa jirgi ya tashi, goron ya lalace a sito. Malam Audu bai yi faɗa ba. Ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, shekara ashirin muna tare." Ya sa takalminsa ya fita. Sauran 'yan goro suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suka daina kawo mana aiki.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, faifan da kuke gani kamar yana zaman banza, aikinsa ke nan, kuma a bakinku manya za su ji haka. Har Baba ya rasu bai taɓa ɗora mini laifi ba, cewa yake shi ya ba da umarni. Amma ranar nan a ofishin ni kaɗai na san abin da faifan yake tsarewa, kuma ni na kwance shi.