Masaƙan da Suka Hana a Ɗaure Ni

Malam Edita, sallama gare ka da masu karatu. 'Yan shekaru bayan an ba mu mulkin kai, ni saurayi ne ɗan ashirin da ɗoriya, karen mota a wata lori mai jigilar auduga daga kasuwannin Malumfashi da Bakori zuwa Funtua. Asalina ɗan Tsiga ne, amma a lokacin in ka ce mini ɗan ƙauye sai mun ɓata. Ina da gajeren wandon kaki, da hula a karkace, da tsumman baƙin mai a aljihu, wanda ko babu abin gogewa sai na zaro shi don 'yan mata su san da ƙarfe nake hulɗa. Mu biyu ne yaran motar, ni da wani abokina ɗan Malumfashi, siriri mai yawan dariya. Tare muke ci, tare direba ke zaginmu.

Motocin wancan zamani birkinsu sai addu'a. In mota ta mutu a kan hawa, aikin karen mota ne ya diro da weji, wato guntun katakon da ake cusawa a bayan taya don kada ta gangara. Wejinmu yana da wurinsa, a rataye kusa da ƙofa. Ran nan ni na ɗauke shi na hau saman buhuna, na mai da shi abin datsa rake. Motar ta shaƙe a wani hawa, ta fara ja da baya, direba na ihu a sa weji. Abokina ya diro, ya laluba bai same shi ba, ya sunkuci dutse ya durƙusa zai cusa da hannu. Kafin in sauko an gama, motar ta bi ta kansa. Wasu suka ce birki ne, wasu suka ce kwana ne ya ƙare, ni kuwa na ja bakina na bar su a haka.

Na koma gida Tsiga, abu ya fara kamar wasa. Abinci ya fita raina, magana ta gagare ni. In na ji ƙarar mota ko daga nesa ne, ban san lokacin da zan ruga cikin dawa ba, sai a tsinto ni ƙafa duk ƙaya. Damina guda na yi a haka. Innata ta yi duk abin da uwa ke yi, na sha rubutu, na sha hayaƙi har na koma warin kilishi. Mahaifina ya riga ya rasu, wansa ke riƙe da gidan, baffan nan nawa kuwa mutum ne mai magana ɗaya. Da kaka ta yi ya ce shi ya gaji, za a kira maƙeri a sa mini mari a ƙafa, a ɗaure ni jikin turke a ɗakin baya. Ba mugunta ba ce, Allah ya ji ƙansa, tsoro yake ji kada in faɗa rijiya. Amma na taɓa ganin wanda aka yi wa haka a garinmu. Da ya shiga ɗakin nan bai ƙara fitowa da ƙafarsa ba.

Kawuna, ƙanin Inna, shi ya zo ya roƙi arziki. Ya ce a ba shi ni rani ɗaya, in ruwan farko ya sauka ban natsu ba shi da kansa zai riƙe wa maƙeri guduma. Kawun nan masaƙi ne, tsohon soja, ya je yaƙin Boma ya dawo ya shekara biyu ba ya ce wa kowa uffan. Yana da rumfar saƙa a bakin gari, su uku a ciki: shi, da wani Bafulatani da ciwo ya share masa garke har ya riƙa yawo yana kiran shanun da babu su, da wani ƙaton Bamaguje da sanƙarau ya kwashe masa mata da 'ya'ya cikin mako guda. Mutanen gari na kiran wurin rumfar taɓaɓɓu. Su ma haka suke kiranta, har Bafulatanin ya tarbe ni da cewa madalla, an samu sabon ɗan makaranta, ni a wane aji za a sa ni?

Wanda bai taɓa zama a masaƙa ba, ga yadda take. A jere ake zama, kowa ya fuskanci zarensa da ya miƙe can gaba, ba mai kallon idon wani. Ƙafafu biyu na taka igiya suna buɗe zare, hannu na jefa ƙoshiya, wato ɗan katakon da ke ratsawa da zaren, sannan ka buga. Ba inda tunani zai samu wurin zama. Ƙyallen da na fara saƙawa ko akuya ba za ta kwanta a kai ba. Kawu kan bi shi da yatsa ya ce nan na tsuke, mota ta wuce ke nan, nan kuma na saki, na tafi duniyar tunani. Ranar kasuwar Bakori, in lori ta taho, sai su uku su ƙara wa bugu ƙarfi, Bamagujen ya ɓarke da waƙar noma da muryar nan tasa kamar ana jan turmi a ƙasa, har motar ta wuce ina zaune. Kuma kowace safiya kowa zai faɗi yadda ya tashi, ido na kan zare. Kawu ya ce yau ya ji ƙamshin daji mai ruwa, Bafulatani ya ce ya yi mafarkin farar saniyarsa. Ba mai cewa ka yi haƙuri, ba mai yi maka wa'azi. Iyaka a ce mun ji, a ci gaba da bugu.

Wata biyu na fara cin tuwo da ƙari. Nan ne na tafka kuskuren da ya sa na rubuto. Wasu abokaina 'yan tasha suka biyo ta Tsiga, suka hango ni a rumfar, ɗayansu ya yi dariya ya ce ashe an yi mini ƙarin girma, daga karen mota zuwa sarkin mahaukata. Kunya ta kama ni. Na miƙe na ce wa Kawu ni fa na warke, ni ba irinsu ba ne, taimaka musu kawai nake yi. Ban manta yadda Bamagujen ya sunkuyar da kai ba. Na daina zuwa. Kwana tara aka yi, aka tsinto ni a hanyar Dandume, ba takalmi, ba hula, ban san sunan garinmu ba.

Baffa ya ce magana ta ƙare, ba sai an jira ruwa ba. Washegari da hantsi maƙeri ya zo, aka fito da ni ƙofar gida yana gwada ƙarfe a ƙwaurina, Inna na kuka a zaure. Sai ga mutanen nan uku tafe, kowa da itatuwan masaƙarsa a kafaɗa, Bamagujen kuma ya haɗo har da tawa. Suka kafa su nan gindin darbejiyar Baffa, suka ja zare har bakin hanya. Bafulatanin, da yake su da maƙera abokan wasa ne, ya dubi maƙerin ya ce kai bawana, fartanyar gari duk ta ƙare ne ka koma ƙera wa mutane munduwa? Kawu kuwa ya durƙusa ya gai da Baffa, sannan ya ce:

"Malam, gidanka ne, ɗanka ne. Amma ƙafar nan da za a ɗaure, da ita yake saƙa. In ka ɗaure ta ka ɗaure maganin. Ka bar mana shi nan ƙofarka, kana gani, in ya ruga mu uku za mu bi shi."

Baffa ya juya ya ce wa maƙeri ya ajiye ƙarfen a zaure tukuna. Na zauna a masaƙata. Na yi zaton za su yi mini gori, amma Bamagujen ya miƙo mini ƙoshiya kawai, ya ce zarena ya yi kewata. A ranar, ido na kan zare, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, na ce ni na ɗauke wejin. Bugu ya tsaya. Kawu ya ce sun ji. Sannan ya ce shi ma akwai wanda ya bari a bakin wani kogi a Boma, yana kiransa bai juya ba, kuma bai fara samun sauƙi ba sai ranar da ya faɗa.

Na ƙudura a raina ba zan shiga ɗakin bayan nan ba. Kullum ni ke riga su fitowa. Na ce zan saƙa gwado da tsarin kaina, baƙi da fari da siririn ja a tsakani, na kai wa mahaifiyar abokina. Sau uku ina warwarewa. Da na gama, Kawu ya ce Malumfashi dai ba a ƙafa za mu je ba. Muka hau lori, shi a dama, Bafulatani a hagu yana ta yi mini tsiya wai karen mota ya koma ɗan tsako. Na jiƙe da gumi, amma ban diro ba. Na durƙusa gaban tsohuwar na faɗa mata komai. Ta yi kuka mai yawa, ba ta ce ta yafe ba a ranar, amma ta karɓi gwadon ta ɗora a cinya, ta ce a ba mu ruwa. Da ruwan farko ya sauka ina gona ina shuka, Baffa ya aika wa maƙeri da ƙarfensa.

Bayan haka na yi tuƙi shekara da shekaru, na ga Ikko, wato Legas, na ga Kumasi, na ga Yamai da Agadas, kuma ko'ina na tarar da irina a ɓoye a bayan gida. Ban ce saƙa na warkar da kowa ba. Yanzu akwai asibiti da likitocin wannan ciwo, a kai mutum, a kuma haɗa da addu'a. Amma don Allah kada ku kulle shi shi kaɗai. Ku ba hannunsa abin yi, ko ɗinkin hula ne, ko zanen ƙwarya, ku zaunar da shi cikin waɗanda suka ɗanɗana. Kai kuma mai ciwon, in ka fara jin sauƙi kada dariyar 'yan tasha ta raba ka da su. Ni na ce wa masaƙan nan ni ba irinsu ba ne, suka biyo ni har ƙofar gida. Su ukun duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma har suka tafi ban buɗe baki na ba su haƙurin wannan magana ba. In kana da irinsu a raye, kada ka jira kamar yadda na jira.