Shekarar da Makuba Ba Ta Zo Ba

Wata Asabar ce a watan Mayu, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato firamare, na lashi bangon ɗakin kakata. Ba yunwa ba ce, kuma hankalina ƙalau. Wani farin abu ne kamar gari ya fito a jikin jan bulon, daga ƙasa har zuwa gwiwata. In na goge da yatsa sai ya dawo, na tambaya an ce in matsa in ba mutane wuri, sai kawai na sa harshe. Gishiri ne, mai ɗaci-ɗaci. Ban gama tofarwa ba na ji mafici a ƙeya. "Ke uwar tambaya, akuya ce ke?" in ji Kaka. Na ce ni dai a faɗa mini wanda ya zuba gishiri a bango. Ta ce, "Gumi yake yi. Da ke ce kika tsaya da ƙafa cikin ruwa tun kafin a haifi ubanki, da kin fi shi."

Gidan a unguwar Treichville yake, cikin Abidjan, na kakanmu marigayi ne, amma 'yan haya na ƙabilu daban-daban suka cika shi: Baule, Jula, Mosi, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, faɗan layin ruwa kullum safiya. Iyayena suna unguwar Adjamé, a hawa na uku, ni aka bar wa Kaka in riƙa yi mata aike. Duk ɗakunan an riga an rushe su an sake su da bulon siminti, ɗakin Kaka kaɗai ya rage da jan bulo. Kakanmu, wanda fataucin goro ya kawo shi ƙasar nan, shi ya tsince su a wani tsohon sito da aka rushe kusa da tashar jiragen ruwa. Ya turo su a amalanke, ya kankare su, ya jera da hannunsa. Ba su ma yi daidai da juna ba. Wani dogo, wani ya ƙone har ya yi baƙi, wani da shatin ƙafar kare a jikinsa, wanda na daɗe ina tunanin ina karen zai je. Mu yara da gutsuren da ya faɗo muke zana 'yar gala-gala a ƙasa, in Kaka ta kama mu kuwa ranar babu mai cin alawarta.

Kowace shekara kafin ruwa ya kankama, Kaka tana shafa wa bangon makuba. Ɓawon ɗorawa ne ake dakawa a jiƙa, can arewa da shi ake yi wa gini yaɓe don kada ruwa ya ci shi. Abidjan ba ta da ɗorawa a bakin titi, saboda haka wani direban motar albasa, Malam Idi, shi ke taho mata da buhu guda. Ta jiƙa a ganga, warin ya cika gida, Tanti Akisi mai alloko, wato soyayyar agade, ta toshe hanci tana cewa tsohuwa ta fara dafa maganinta. Abin da ya dame ni shi ne, ruwan Abidjan ba ya wasa. Kafin wata ya zagayo ya wanke makubar tas, tsakar gida ta yi ja kamar an zubar da shayi. To in ruwa ya tafi da ita, me ke riƙe da bangon? Na tambayi malaminmu, ya ce ba ya cikin darasin bana.

Babana kuwa ya gaji da ɗakin. So yake ya rushe shi ya ɗora bene, Kaka ta koma wurinsa a Adjamé. Ita kuma gwiwoyinta ba sa hawa matakala, ta san in aka kai ta sama sai dai a sauko da ita a makara. Abu ɗaya ke tare shi: duk da yana zagin warinta, ya yarda makubar nan ce ta tsayar da bangon, don tun yana yaro haka ya gani. A gabana ya ce, "Inna, ranar da aka rasa makuba, ranar zan kawo magina. Ba zan jira bango ya faɗo miki ba." Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Alhajin bene, sha ruwanka ka tafi."

A shekarar da na lashi bango aka rasa ta. Ni da Kaka muka hau gbaka, ƙaramar motar haya, har Adjamé, muka kutsa ta bayan kasuwar Guro inda manyan motoci ke sauke kaya, ina riƙe da gefen zanenta, masu turin kaya suna ihu a ba su hanya. Malam Idi na ganin mu ya cire hula ya hau sosa kai. "Hajiya, ki yafe mini. Buhunki yana can ƙofar gidana, wallahi sai da na wuce iyaka na tuna." Ba zai sake zuwa ba sai bayan ruwa. Na zaci za ta yi masa faɗa, don ni da na yi. Sai ta kalli ƙasa, inda busasshen ɓawon albasa ya taru kamar ganye. Can ta ce, "Ka sa yaranka su cika mini buhu da wannan."

Da muka dawo ta dafa ɓawon a babbar tukunya, ruwan ya fito ja-ja-baƙi, ta juye a ganga. Na leƙa, na shinshina, na ce, "Kaka, wannan ba makuba ba ce." Ta ce, "Na sani. Riƙe bokiti."

A karon nan ne na kalli aikin da kyau, don da can wari ke kore ni. Ashe shafawar ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi sauƙi. Da farko ta sa na share gishirin da guntuwar tsintsiya, a bushe, ta ce in na sa ruwa zai koma ciki ne ya ɓuya. Sannan ta zauna a kujerar tsugunno tana bin layin bulo da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, don idonta ya fara rauni. Inda ta danna ta ji ya burma, sai ta ƙwaƙule da tsohon cokali, ni kuma in cusa kwaɓin farar ƙasa da yashi. Yashin ma sai da muka wanke shi, wai na bakin lagun, tafkin da ya haɗu da teku, gishiri gare shi. Na ce mu sa siminti mu huta, ga shi a shagon bakin titi. Ta ce siminti ya fi bulon nan ƙarfi, in suka haɗu bulon ne zai fashe. Ta ƙwanƙwasa kowanne da bayan cokali tana saurare. Ta sa na yashe kwatar da ke gindin bango, na hau kujera na zaro leda daga indararo, muka matsar da bahon wanke-wanken Tanti Akisi, abin da ya jawo rigimar yini guda. Na yi ƙorafi har bakina ya gaji. Sai da aka gama duk wannan ta tsoma tsumma a ruwan albasa ta bi bangon da shi.

Ranar Lahadi Baba ya zo. Ya tsaya gaban bangon, ya shafa, ya duba tafinsa, ya buɗa hanci. "Inna, bana ba ta wari." Kowa a gidan ya san bakina ba ya riƙe magana. Kaka ba ta ko dube ni ba, Tanti Akisi ce ta miƙo mini alloko mai zafi ta ce in ci yanzu-yanzu. Ina fama da shi a baki na ji Kaka na cewa, "Hancinka ne ya tsufa. Hayaƙin Adjamé ya cinye shi." Ya yi dariya, ya sha ruwansa, ya tafi.

Ruwan Yuni ya zo da haukarsa, har takalman mutane suna iyo a tsakar gida. Ruwan albasa bai kai mako a jikin bangon ba. Kullum da safe ina zuwa in danna bangon da yatsa in ji ko ya yi laushi, bai yi ba. Da rana ta dawo na tsaya gabanta na ce, "To ashe makubar banza ce, Kaka." Tana gyara tazbaharta ta ce, "Bangon hannu yake so. Makuba tawa ce. In ta jiƙa, garinmu nake ji."

A ɗakin ta rasu, ina sakandare, ba a taɓa hawa da ita bene ba. Bayan arba'in aka kawo magina. Yanzu hawa huɗu ne a wurin, an manna masa tayil fari, a ƙasa akwai shagon wayoyi. Bulon da ke da ƙafar kare na nema a cikin ɓaraguzai ban samu ba. Kwanaki na bi ta layin zan je tashar Bassam, sai na ga tayil biyu sun ɓalle a gindin ginin, farin garin nan ya fito a bayansu, daidai gwiwa. Na tsaya na taɓa da yatsa, mai shagon yana kallona. Har yau wurin yana gumi, mai share masa ne babu.