Mesar da Na Kashe da Lallashi

A shekarun da zan ba ku labari, tun Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Ina buga tafireta a wani ofishi, ina hayar ɗaki ɗaya a Nassarawa, a gidan wani dattijo manomin shinkafa. Asalina mutumin Argungu ne, can mahaifiyata take. Ba na shan taba, ba na zaman majalisa, abin da ya mallake ni shi ne ƙananan littattafan soyayya da aka fara kawowa kasuwa a lokacin. Ina da su cike da kwali a ƙarƙashin gado, wasu har na haddace. A cikinsu na koyi yadda ake magana, yadda ake kallo, har yadda ake baƙin ciki. Akwai wata yarinya a Gwadangaji da na shekara ina zuwa zance wurinta, ina zuba mata kalaman da na kwaso daga takarda, har ranar da ta gaji ta ce in yi haƙuri in daina zuwa. Ta ce ba don wani mugun hali ta ƙi ni ba, sai don duk abin da ta faɗa ba na ji, ina can ina shirya abin da zan faɗa a gaba. To ko wannan ɗin ma ban ji ba. Na koma ɗaki na kwanta, na ƙi cin abinci kwana biyu, domin haka jaruman littafi suke yi. Edita, na kawo wannan ne don a san irin mutumin da aka damƙa wa ran halittar da zan yi magana a kanta.

Cikin wannan hali na je gida Argungu ranar kasuwa, na tarar mutane sun kewaye wani gardi, irin masu wasa da macizai, tsoho siriri mai layu a damtse. Da aka gama wasa mutane suka watse, sai na ga ya zaro wani abu daga jaka a dunƙule, baƙi mai zanen ruwan zinariya. Ya ce 'yar mesa ce, irin ƙaramar nan da ba ta girma sosai, ba ta da dafi, ba ta kuma faɗa. In ta tsorata abin da ta iya kawai shi ne ta naɗe ta cusa kanta a tsakiyar jikinta. Masu aikin fadama ne suka tono ta a gindin suri kwana kaɗan kafin nan. Ya ɗora mini ita a tafin hannu, na ji ta da sanyi da nauyi kamar curin fura. Nan take zuciyata ta raya mini cewa ga wata halitta da duniya ta ɓata wa rai irina. Na ce zan saya. Ya dube ni tun daga takalmi har hula, ya ce malamin ofis me zai yi da wagga, ai ba agogon bango ba ce da za a rataye ana kallo. Da na nace sai ya sallama, amma ya kafa mini sharuɗɗa. Ya ce in sa ta a tukunyar ƙasa mai murfi da 'yan ƙofofin iska, in ajiye a lungu mai duhu da ɗumi, in sa mata ruwa, in ƙyale ta kamar na manta da ita. Ya ce za ta iya wata da watanni ba ta ci komai ba, kada wannan ya ɗaga mini hankali. Ya kuma faɗi wani abu a kan ɓera, har ya maimaita yana ɗaga yatsa. Wallahi ina ganin bakinsa yana motsi, amma hankalina yana kan sunan da zan raɗa mata.

Tukunya ba ta yi mini ba. Ta yaya zan sa abin ƙauna a tukunya kamar daddawa? Akwai maƙwabcin ɗakina, kafinta ne Kirista daga wajen Filato, mutum mai barkwanci da ya girme ni, na sa ya yi mini akwati mai gilashi a gaba. Da ya ga abin da zan sa ciki sai da ya yi tsalle ya koma bakin ƙofa, daga baya ya matso yana dariya, ya ce ashe Malam ya yi amarya bai gayyaci kowa ba. Daga ranar sunanta amarya a bakinsa. Shi da ba ruwansa da macizai sai da ya ba ni shawara in jefa mata ko fasasshen kasko ne ta riƙa shiga ƙarƙashi, ya ce a ƙauyensu bai taɓa ganin maciji ya zaɓi zama a fili ba. Na ce in ta ɓuya me zan gani? Na ɗora akwatin a kan tebur kusa da taga, inda haske ya fi yawa, don zanen jikinta ya fito.

Mako na farko na ba ta ƙwai, ba ta kula ba. Na ba ta madara a murfin gwangwani, domin na taɓa jin ana cewa macizai suna sonta, madarar ta yi tsami ƙudaje suka cika akwatin. Na kawo kifi, na kawo yankan tsire, na kawo ɗan tsako. Tana nan a dunƙule a kusurwa ɗaya, kanta a ɓoye. Kowace safiya kafinta zai leƙo ya tambaya ko amarya ta karya, in ce tukuna, ya ce to Malam a ƙara haƙuri, ko sadakin ne bai cika ba. Ni abin ya daina ba ni dariya. A duk littafin da na karanta, idan mace ta ƙi abinci to damuwa ce a ranta, kuma maganinta lallashi. Don haka da na dawo daga aiki sai in ciro ta, in ɗora a cinya, in riƙa shafa ta ina yi mata magana, wani lokaci har in karanta mata shafi biyu. Ina sa yatsa ina ɓamɓare naɗin a hankali don in ga fuskarta, ita kuwa tana ƙara ƙanƙamewa. Burina ɗaya ne, in ga ranar da za ta saki jiki ta miƙe a hannuna. A mako na biyar na yi abin da har yau nake jin kunyar faɗa. Na buɗe bakinta da kan cokali na ɗura mata ɗanyen ƙwai. Ta yi ta murɗawa, can ta amayar da shi duka, ta koma ta naɗe, wani ruwa mai yauƙi yana fita ta gefen bakinta. Na zauna na yi kuka, kuma ko a cikin kukan nan ina jin daɗin cewa ni mai tausayi ne.

Wajen mako na bakwai na tashi na ga launinta ya dushe, da na tono kanta sai na ga idanun sun yi fari-fari kamar an shafa musu koko. Na ce shi ke nan, yunwa ta makantar da ita. Lokacin kaka ne, ɗakin ajiyar shinkafar maigidanmu cike da ɓeraye, na ɗana tarkon waya na kama ɗaya ƙato da ransa. Na sa shi a akwatin na tsaya ina kallo. Ya zagaya, ya shinshina ta, ita ko motsi ba ta yi ba. A nan ne wani tunani ya zo mini, wanda a ranar na ɗauka basira ce. Ai amarya ba ta cin abinci a gaban miji. Kowa ya san haka, sai an ajiye mata kwano an fita an ja ƙofa. Na ce ashe duk kwanakin nan kunyata take ji, ni ne na tsare ta da ido. Na bar ɓeran a ciki, ban sa masa ko ƙwayar shinkafa ba don kada ya ƙoshi ya yi ƙarfi, na rufe akwati, na kulle ɗaki, na hau motar Argungu don in nemo gardin ya ba ni maganin ido. A hanya har murmushi nake yi, ina hango yadda zan dawo in tarar cikinta ya yi tulu.

Ban sami gardin ba ranar, aka ce ya shiga ƙauyukan bakin gulbi. Na kwana biyu a gida ina jiransa. Mahaifiyata ta lura ba na zaune lafiya, ta matsa mini, na gaya mata. Ta yi salati, ta ce ita tunaninta 'yar mutane ce ta hana ni sukuni, ashe maciji na ajiye a ɗakin haya. Sannan ta ce, ɗana ko ba ka ji tsoron maigidanka ba ka ji tsoron Allah, duk abin da ka tsare ka hana shi neman abincinsa to haƙƙinsa yana wuyanka. A rana ta uku da hantsi na sami gardin a ƙofar gidansa yana gyaran jaka. Na kwatanta masa idanun, ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ba makanta ba ce, saɓa za ta yi. In za su zubar da tsohuwar fata haka idonsu ke yi, ba su gani sosai, ba su cin komai, ba su kuma son a taɓa su. Na ji sanyi a raina. Sai ya tambaya a ina na bar ta. Na ce a akwati, kuma na bar mata ƙaton ɓera don ta ci in babu idon kowa. Dariyar ta ɗauke. Ya tambaye ni kwana nawa. Na faɗa. Ya ajiye allurar da ke hannunsa, ya ce ba shi ne ya ɗaga mini yatsa a kasuwa ba, har sau biyu, cewa kada in kuskura in bar ɓera mai rai da ita in juya baya? Ya ce wagga ba ta ramawa, ko ana cin ta naɗewa za ta yi. Ya ce tashi ka tafi Malam, in ka iske sauranta.

Ban san yadda motar nan ta kawo ni Birnin Kebbi ba. Tun daga bakin ƙofa na ji warin. Ɓeran yana zaune a kusurwa, cikinsa a cike, yana goge baki. Ita tana inda na bar ta, a dunƙule kamar kullum, sai dai duk inda ya fito fili na gadon bayanta an ɓalle shi. Wuri huɗu ko biyar fata babu, nama ja, a wani wurin ina ganin farin ƙashi a jere. Kanta kawai ta ɓoye, shi kaɗai ta iya karewa. Kuma tana numfashi. Na fasa ihu, kafinta ya shigo da gudu, ya leƙa akwatin, wannan karon bai ce amarya ba. Shi ya fitar da ɓeran, shi ya kawo ruwan ɗumi da gishiri, mutumin da ko taɓa ta ba ya iya yi ya riƙe mini kwano ina wanke raunin. Ya fita ya dawo da fasasshen kasko ya kifa mata. Na sauke akwatin daga tebur na tura shi lungu, na lulluɓe da buhu. Duk abin da aka ce in yi tun ranar farko, a ranar na yi shi.

Ta ƙara kwana uku. Raunin ya yi ruwa, tsohuwar fatar ta fara ɓarewa a gefe-gefe tana manne da ciwon. A safiya ta huɗu na ɗaga buhun na same ta ta fito daga ƙarƙashin kaskon, ta miƙe sambal daga wannan bango zuwa wancan. Wata biyu ina roƙon in gan ta a miƙe. Na ɗauke ta, ta zubo a hannuna kamar igiya, ba ta naɗe ba. A ranar na fara ganin cikinta fari ne tas, na kuma ga ba ta kai tsawon hannuna biyu ba. Ni da kafinta muka haƙa rami a bayan gida. Da muka rufe ya dafa kafaɗata ya ce Allah Ya ba da haƙuri, ya koma kan aikinsa.

Yanzu na manyanta, ina da iyali, kwalin littattafan nan ma ban san inda ya shiga ba, kuma ban ɗora musu laifi ba, domin ba su ne suka toshe mini kunne a kasuwar Argungu ba. Abin da na gane shi ne ban taɓa kallon dabbar nan ba ko sau ɗaya, duk da gilashin da na sa. Kaina nake kallo. Tsoronta na kira kunya, azabar da nake ba ta na kira lallashi, mutum uku suka gaya mini gaskiya na wuce su saboda labarin da ke kaina ya fi daɗi. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman matasa masu sha'awar ajiye abin da ba a saba ajiyewa ba, abin daji a bar shi a daji. In kuwa har ya shigo hannunka, to ka rufe baki ka saurari wanda ya san shi. In ya ƙi ci, kada ka ɗura masa, kada ka dame shi da hannu, ka ba shi duhu da ruwa da lokaci, kuma kada ka taɓa barin ɓera mai rai da shi ka fita ko da zuwa masallaci ne. Har yau in matata ko 'ya'yana suna yi mini magana na ji na fara shirya amsa tun ba su gama ba, sai farin ƙashin nan ya faɗo mini a rai, in yi shiru in ce su maimaita. Allah Ya yafe mini haƙƙinta.