Tiransisto a Cikin Toka

Ban taɓa zama mai gyaran rediyo ba. Ni malamin firamare ne a Aliero, haɗa rediyo kuwa sha'awa ce kawai, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru. In an tashi makaranta sai in shimfiɗa tabarma a zaure, in hura gawayi a kasko, in tura ƙarfen narka dalma a ciki, in yi ta liƙa waya da waya har la'asar. Yawancin abin da na haɗa bai taɓa cewa uffan ba. Wasu sukan yi tsuwa. Ɗaya ya kamo wata tashar Nijar kwana biyu, daga nan ya ja bakinsa ya yi shiru.

A kasuwar Jega nake samo kayan. Akwai wani dattijo mai rumfar gyara a bayan masu sayar da batir, yana tara mushen rediyo a buhu. Nakan sayi biyu ko uku, in kwance su a gida, in cire tiransisto da resista da duk abin da ke da sauran rai, in zuba a gwangwanin madara. Sababbi kuwa sai ɗai-ɗai, in albashi ya yi rara. Na yi shekaru ina wannan tari, sannu-sannu har gwangwanin ya kusa cika.

Mahaifina manomin albasa ne da gero. Bai hana ni ba, bai kuma yaba ba. Wata rana ya dawo daga fadama ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, wanga abu naka yaushe za shi yi magana awa na mutane?"

Na ce, "Baba, in rediyo kake so ai sai in sayo maka a Jega."

Ya ce, "Ban son na kanti. Wanda kay yi da hannunka nika so."

Bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Na amsa masa da in Allah ya yarda, na ma sa kafinta ya yi mini akwatin katako mai ƙofa a baya.

Bayan an ba mu jiha aka yi ta jujjuya ma'aikata, ni aka tura ni Maiyama dab da faɗuwar damina. Ɗakin da na samu mu uku ne a ciki, babu wurin kasko balle dalma. Sai na miƙa wa mahaifina gwangwanin na ce, "Baba, a ajiye mini wannan inda babu abin da zai taɓa shi. Yanzu tsada gare shi." Laifina ne da ban ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Na manta da manomi nake magana.

A gidanmu abu mai daraja da ake tsoron ya lalace guda ne, shi ne iri. Irin wake in za a ajiye shi, sai a tankaɗe toka mai laushi a cuɗa su tare, a ɗura a tulu, a yaɓe bakin da laka. Ƙwaro ba ya shiga. Haka kakanninmu suka yi, kuma ba su taɓa rasa abin shuka ba.

Da na dawo bayan girbi, mahaifina ya shiga ɗaki ya fito rungume da tulu, ya fasa yaɓen da hannunsa, ya juye a faifai. Toka ce cure-cure. Daminar ta yi ruwa, bangon ɗakin ya jiƙa, tulun da ke jingine da shi ya yi ta tsotson laima wata da watanni. Jiƙaƙƙiyar toka kuwa kowa ya san cin da take yi, da ita ake yin sabulu. Na ɗauki tiransisto guda, ƙafafunsa uku suka zube a tafina. Na ɗauki wani, haka. Duk sun yi kore-kore.

Yana tsaye yana dubana. Ya ce, "Ka gani ko? Ko ƙwaro guda bai shiga ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ce, "Bai shiga ba, Baba. Allah shi saka da alheri." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma babu wanda zan yi fushi da shi.

Ran kasuwa na hau motar 'yan albasa zuwa Jega da takardar abubuwan da nake bukata. Dattijon ya karanta ya yi dariya. Rabinsu ba a kawo su kuma, fataken da ke sarowa daga kudu sun koma kawo rediyo haɗaɗɗe. Sauran kuwa kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi. Mushen ma ya daina sayarwa, shi kansa da su yake lallaɓa sana'arsa. Ya nuna mini rumfar da ke kallon tasa, inda aka rataye ƙananan rediyoyi na roba reras a igiya. Ya ce, "Malam, wa ka haɗa rediyo yanzu? Abin da za ka kashe ga wagga takarda ya ishe ka ka sai biyu can, kuma su tabbas suna magana."

Na tsallaka na sayi ɗaya. A gida na rufe zaure, na kwance robar, na ɗaure cikinsa a akwatin katakon nan da kusoshi huɗu. Waya biyu rak na liƙa, na batir. Aikin bai kai tsawon dahuwar shayi ba. Robar na jefa ta a masai.

Ya yi magana tangaram. Mahaifina ya saurari labarai, ya saurari tafsiri, ya ce in ƙara masa murya.

Yanzu idan wani ya tambaye ni ko wannan sha'awa tana da riba, nakan ce in don a samu rediyo ne, babu, tun wancan lokacin ma babu. Ni dai ban sake hura gawayin ba. Ba tsadar kaya kaɗai ta hana ni ba. Da na zauna na haɗa wani, da mahaifina ya ga bambancin aikin hannuna da abin da ke cikin akwatinsa.

Shekara tara akwatin yana gefen buzunsa. Duk baƙon da ya zo, daga Alelu ko daga Giwa Tazo, sai ya nuna masa ya ce, "Yaron ga yah haɗa shi da hannunai. Ni kau nik killace mai irin." Ina zaune a wurin nake jin wannan, ban taɓa gyara masa ba. Ya rasu yana ganin na cika masa alkawari, ni kuwa na san ban haɗa masa komai ba.