Cibiyar da Muka Binne a Gidan Haya

Ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Ko ranar da ba na fita aiki, in na yi sallar asuba na sha shayi sai ƙafata ta fara kaɗawa, matata ta ce in tashi in ba ta wuri kafin in karya mata kujera. Na daɗe ina tuƙa tasi tsakanin Washington da unguwannin Maryland, har bayana ya ƙage, har motocin da ake kira ta waya suka zo suka kwashe mana fasinja. Da aiki ya ja baya sai lokaci ya yi mini yawa. Ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, ba na karanta littafi, talabijin kuma ciwon kai take sa ni. Sai in shiga mota in yi ta zaga unguwanni ba dalili.

A irin wannan yawo na ga injin neman ƙarfe. Wata tsohuwar Baturiya ce ta baje kayan mijinta da ya rasu a ƙofar gida tana sayarwa. Sanda ce mai faifai a ƙasa, da abin sawa a kunne. Ta nuna mini yadda ake yi: ka riƙa shara da shi a saman ciyawa, in ya bi ta kan ƙarfen da ke cikin ƙasa sai ya yi kuka. Na saya, na jefa a but ɗin mota, ban gaya wa kowa ba.

Sababbin gidaje ba su da komai, an kankare ƙasarsu an zuba wata. Tsofaffin nan na katako masu baranda, irin na wajen College Park, su ne masu ciki. Amma sai ka ƙwanƙwasa ƙofa ka nemi izini, kuma ka san yadda abin yake: baƙin mutum mai gemu, da shebur a hannu, yana cewa a bar shi ya haƙa bayan gida. Da yawa ba sa buɗewa. Wata ta kira mini 'yan sanda, suka zo suka juya injin, ɗayansu ya gwada shi a kan takalminsa, suka ce in bar layin. Wasu kuwa su yarda, har su fito da kofi su tsaya suna kallo. Na koyi yanka ciyawa gefe uku in ɗaga ta kamar murfi, in na gama in mayar in taka, ba wanda zai ce an taɓa wurin.

Abin da nake samu? Ƙusoshi, galibi. Marufan kwalba. Makullin ƙofar da babu ita yanzu, cokali, maɓalli, ƙaramar motar wasa ta wani yaro da wataƙila ya tsufa ya mutu. Jefi-jefi tsohon kwabonsu. A masallaci labari ya bazu, in na shigo sai wani direba ɗan garinmu ya ce, "A matsa, ga mai zinariya! Alhaji, yau buhu nawa?" In ce masa, "Na samo haƙoran ƙarfe na wani tsoho, in kawo maka ka gwada?" Ni dai na san in abin nan yana kunnena, ƙafata ba ta kaɗawa.

Matata ba ta taɓa kula da injin ba sai da 'yarmu ta tafi jami'a. Ita kaɗai Allah ya ba mu. A nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta samu makaranta can arewa, tafiyar yini a bas. Kafin ta tafi uwarta ta ce in ta gama za su je Maraɗi ta ga dangi, ta ɗan zauna. Yarinyar ta ce za ta je ziyara, amma zama a'a, ita 'yar nan ce. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi.

Bayan ta tafi, wata safiya matata ta ajiye mini shayi ta tsaya a kaina.

"Malam, wannan sandar taka, tana jin gwangwani?"

"Ba abin da ta fi ji."

"To ka je ka tono mini cibiyar yarinyata."

Ga yadda abin yake. Farkon zuwanmu muna haya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon gida, maigidan yana sama da karensa. A can muke aka haifi yarinyar. A gida in an haihu, binne mabiyiya ake yi a bayan ɗaki, amma a nan asibiti ba su ba mu komai ba, mu ma ba mu san ana tambaya ba. Da busasshiyar cibiyar ta faɗi, matata ta naɗe ta a farin ƙyalle ta ce in binne. Saboda karen da kuregun da suka cika gidan, na sa a leda, na sa a gwangwanin madara, na haƙa rami tsakanin wata babbar bishiya da shinge na rufe. Daga baya muka koma bene a Landover, na manta da zancen.

Ita ba ta manta ba. Ta ce tun da aka binne cibiyar a ƙasar mutane, a gidan haya ma, ta yaya zuciyar yarinya za ta juya gida? A tono, a ba wani mai tafiya ya kai Maraɗi a binne a gidan kakanta. Na ce mata wannan ba ya cikin addini. Ta ce haƙa bayan gidan Turawa ma ba ya ciki, amma kullum ina yi.

Na je dubawa. Maigidan ya rasu, an sayar da gidan, an cire tagogi, an kewaye shi da jar raga. Rushe shi za a yi. Shugaban ma'aikatan wani gajeren mutum ne daga ƙasashen da ke kudu da Meksiko, Turancinsa bai fi nawa ba. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce wani abu na iyali na bari a ƙasa. Ya ce zinariya? Na ce a'a. Na rasa kalmar, sai na ɗaga riga na nuna cibiyata, na yi alamar jariri da hannu. Ya dube ni, ya cire hular kwano ya sosa kai. Ya ce tasa tana ƙarƙashin murhun kakarsa. Ya ce in zo gobe da safe, katafila sai bayan azahar za ta iso, in ta iso kuwa ba ruwansa.

Matata ta ce da ita za a je. Muka iso, na tsaya na rasa gabas. An sare bishiyar, ko kututture babu. Shingen ma an canja shi, ban san ko a layin da yake da ba ne.

"A nan ne," in ji ta, tana nuna kusa da matakala.

"Ke da kina ɗaki kina jego, ina kika sani?"

"Ta taga nake kallonka. Har hularka ta faɗi cikin ramin."

"Tagar nan ƙafafun mutum kawai ake gani."

"To ƙafafunka na gani, a nan suke."

Na sa abin kunne na fara. Bayan tsohon gida da ake shirin rushewa, ko'ina kuka yake. Na haƙa, ƙusa. Na haƙa, guntun waya. Na haƙa, murfin kwalba. Duk ramin da na buɗe sai ta sunkuya ta leƙa, ta miƙe ta nuna mini wani wuri. Ba na ma mayar da ciyawar, wa zai damu. Rana ta ɗaga, gumi ya jiƙa mini riga, bayana ya fara sanarwa. Ma'aikatan suna zaune a kan tulin katako suna cin abinci suna kallonmu. Kowace babbar mota ta wuce a titi sai in ɗaga kai.

Wurin da ta nuna babu komai sai bututun ruwa. Wurin da ni na rantse a kai, ƙofar tsohon murhu na ciro. Na jefar da shebur na ce, "Hajiya, ƙasa ta cinye. Mu tafi."

"Ka tafi. Bar mini sandar."

Ta ɗauka kuwa, ta riƙe ta kamar muciya, faifan yana sama da ƙasa sosai, ba abin da zai ji. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya yi dariya, shugaban ya daka masa tsawa da yarensu. Sai shi shugaban ya taso ya zo, ya tambaye ni bishiyar ina take. Na ce ai ita na rasa. Ya taka zuwa wani wuri da ƙasa ta ɗan lotsa, ciyawar ta fi duhu, ya buga ƙafa. Ya ce nan, su suka tuge saiwar. Ta yi nisa da inda muke haƙa mu duka biyu.

Na karɓi injin na bi daga nan zuwa shinge. Ya yi wani kuka mai kauri, na ruɓaɓɓen ƙarfe. Na durƙusa na bar shebur, na sa hannu. Gwangwanin ya zama tsatsa, ana taɓa shi yana marmashewa, saiwa ta shiga ta gindinsa. Amma ledar tana nan. Ƙyallen ciki ya koma ruwan ƙasa. Matata ta karɓa da hannu biyu, ba ta buɗe ba, ta ƙulle a bakin mayafinta. Muna fita katafila tana shigowa layin a bayan tirela.

Sai neman mai tafiya. Wanda muka samu na farko ya ce shi ba ya ɗaukar abin da ba zai iya yi wa ma'aikatan filin jirgi bayaninsa ba. Wata ta ce sai bayan salla. Ƙullin yana cikin akwatin matata har yarinyar ta zo hutu.

Uwar ce ta nuna mata, da zaton za ta ji wani abu. Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Baba, da gaske da injin ka nemo?" Sai dariyar ta tsaya. Ta juya ledar a tafin hannunta ta daɗe. Ta tambayi inda za a kai. Uwar ta gaya mata, ta gaya mata dalili kuma, ba ta ɓoye ba.

Da Hausa ta amsa, abin da ba ta cika yi ba. "Mama, ai tawa ce."

"Taki ce, shi ya sa za a kai gida."

"Ni zan riƙe."

Na jira faɗa. Matata ta dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa, don ban ga ta inda zan ce ba tata ba ce. Yarinyar ta sa ledar a aljihun jakarta na ciki ta ja zif.

Ranar komawarta muka kai ta tashar bas. Uwar ba ta fito daga mota ba, ta ce ƙafarta na ciwo. Na dawo na tayar da mota, muka kama hanya. Wajen wata danja ta ce, "Can inda take, akwai ƙasa kuwa? Ko duk siminti ne?"

Na ce ban sani ba, ɗakin ɗalibai ne.

"Kira ta. Ka ce kada ta bar ta a jaka. Ta nemi wuri mai inuwa, ba kusa da bola ba, ta haƙa da zurfi."

Na ce ina tuƙi. Ta zaro wayar daga aljihuna ta kira da kanta.