Kason Baban Kaset

A gidan rediyon ba mai kiranta da sunanta. Injiniya kowa ke cewa, daga Manaja har mai shara. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zaune a wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, ita da babbar kwamfutar gidan, da fanka mai ƙara, da kujera ɗaya tal wadda ba ta ba baƙo. Tana son ɗakin nan, Allah ya sani. In ta turo ƙofa ta tuɓe takalmi, ba ta ƙyashin kujerar kowa.

Aikinta ba wuyar faɗa. Duk muryar da gidan ya mallaka, ta labarai ce, ta waƙa ce, ta hira ce, tana kan faifan ajiya ɗaya a cikin wannan kwamfuta. Shi kuwa faifan, komai tsadarsa, buƙata ɗaya yake biya a lokaci guda. Sutudiyo na son ya karanto abin da ke tafiya a iska, editoci na son ya rubuta abin da suka gyara, kowa da gaggawarsa. Dole wani ya jira wani. Injiniya ce ke gaya wa manhajar da ke tafiyar da kwamfutar wanda zai jira.

Wannan kuwa ta iya shi tun kafin ta taɓa ganin kwamfuta. Ita ce babba cikin 'ya'ya bakwai, a gida mai famfo ɗaya, ruwan kuma bai cika wuce ƙarfe takwas na safe ba. Tana shekara goma aka bar mata tsara layin wanka: mahaifinsu farko saboda motar ma'aikata ba ta jira, sai 'yan makarantar nesa, sai na kusa. Kakarsu kullum tana zaune a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, in an zo kanta sai ta ce, "Ku gama tukuna, ni ina za ni?" Har yau ƙannenta in sun haɗu sukan tsokane ta, wai ita ba injiniya ba ce, 'yar sandan famfo ce aka ƙara wa girma.

Abin da take alfahari da shi ya faru shekara uku baya. Ana tsakiyar labaran rana sai wani rahoto ya kama in'ina a iska, domin editoci huɗu sun danne faifan lokaci ɗaya. Manaja ya sauko har ɗakinta yana huci. Washegari ta kasa ayyukan kwamfutar rukuni-rukuni. Rukunin iska ta sa shi gaba da kowa. Editoci suka biyo. Sai nata rukunin, mai kwafar komai yana adanawa. Can ƙasa ta bar wani rukuni wanda ba ya taɓa faifan sai in ba mai nema, ta raɗa masa suna Saura. Tun daga ranar murya ba ta ƙara sarƙewa ba. Manaja ya ce ko da wasa kada a sake taɓa wannan tsari, ita ma ba ta da niyya.

To, a hawa na ƙasa akwai wani dattijo da ake kira Baban Kaset. Shekara talatin da biyar yana tsaron ɗakin da aka jibge tsofaffin kaset-kaset na gidan, kuma ya san kowanne kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Bara aka ba shi ƙaramar kwamfuta aka ce ya juye su, domin sun fara ruɓewa. Zai sa kaset ya kwashe muryar, ya tura wa babbar kwamfuta, sai ta karɓa ta tantance sannan ya samu wurin ɗora wani. Ranar da aka haɗa kwamfutarsa da babbar, Injiniya tana sauri, ta jefa aikinsa cikin Saura. Ko tunanin abin ba ta sake yi ba.

Wata Litinin Manaja ya manna takarda a allo: ƙarshen wata Baban Kaset zai yi ritaya, ɗakin kaset kuma za a mayar da shi sutudiyo na biyu. Abin da ba a juye ba zai tafi sito, sito kuwa yoyo yake yi. Injiniya ta sauka don ta yi wa dattijon murna. Ta same shi zaune, hannu a haɓa, yana kallon wani ɗan layi kore da ke rarrafe a fuskar kwamfuta.

"Baba, sannu da aiki. Saura nawa?"

"Ɗari biyu da tamanin, 'yata."

"Ɗari biyu da me? A rana nawa kake yi?"

"Biyu. In Allah ya taimaka, uku." Ya nuna layin da haɓa. "Wannan tun da hantsi na tura shi."

Ta dubi agogo, ƙarfe biyu ta wuce. Abin da bai kamata ya kai minti goma ba. Nan take ta gane. Gidan rediyo ba ya shiru, editoci ba sa hutawa, nata rukunin kuma yini yake yana kwafa. Yaushe faifan zai rasa mai nema har ya waiwayi Saura?

"Haba Baba! Wata goma sha ɗaya kana wannan zaman, ba ka hau ka gaya mini ba?"

"Na gaya miki me? Na ɗauka haka kwamfuta take. Kuma na ji an ce masu iska ne gaba." Ya yi murmushi. "Su gama tukuna, ni ina za ni?"

Kunya ta kama ta, kamar ta nutse a wurin. A kan matakala ta tuna abin da ta daɗe ba ta tuna ba: sau da yawa in layi ya zo kan Kaka, famfo ya riga ya ɗauke. Tsohuwar sai ta ninke tawul ɗinta ta koma ɗaki, kuma ba wanda ya taɓa jin ta yi ƙorafi.

Ta wuce ofishin Manaja. Yana jin kalmar tsari ya yi ƙememe.

"Injiniya, in murya ta sake in'ina a iska, ni za a kira, ba ke ba."

"Yallaɓai, ba zan taɓa iska ba. Yanzu tsarin cewa yake wane gaba, wane baya, na baya kuwa sai abin da ya rage. Ni kaso nake so na yanka wa kowa. In faifai ya cika da masu nema, kowa ya samu nasa, komai ƙanƙantarsa."

"Daga kason wa za ki yanka?"

Ta riga ta duba, kuma abin da ta gani bai yi mata daɗi ba. Ba editoci ne suka fi cin faifan ba. Nata rukunin ne, mai kwafar komai sau shida a rana, har da waƙoƙin da ba su canza ba tun zuwanta. Shekara uku tana zagin editoci a zuciya, ashe ita ce ta tare famfo.

"Daga nawa, Yallaɓai."

Ya ɗaga hannu alamar ta je ta yi, amma ya ce laifin a wuyanta.

Layi biyar ta canza a cikin tsarin kwamfutar. Cikin kowane goma, iska ta riƙe shida, editoci biyu, nata ɗaya, Baban Kaset ɗaya, kuma duk wanda bai ci nasa ba sauran su raba. Kwafinta ta mayar da shi sau biyu a rana. Da lokacin labaran ƙarfe huɗu ya yi, ta zauna ta kasa wa rediyo kunne har aka yi sallama ba ko tuntuɓe. Kafin ta sa takalmi sai ga dattijon a ƙofarta, yana haki saboda matakala.

"'Yata, zo ki duba, ina jin kwamfutar ta lalace. Ina turawa take cewa ta gama."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Rannan ne aka fara ganin Injiniya ta miƙe ta ba wani kujerarta.

Daga nan Baban Kaset ya koma yin goma sha biyar a rana, na'urar kaset biyu na juyawa gefe da gefe. Ya daina zaman haɓa, ya koma faɗa da duk wanda ya tsaya masa a hanya. Editoci sun yi gunaguni kwana biyu suka manta. Ranar Juma'ar ƙarshe, kafin azahar, ya ɗora kaset na ɗari biyu da tamanin, ya goge na'urar da tsumma, ya miƙa wa Manaja makulli. Bai yi doguwar magana ba. Ya dai riƙe hannun kujera ya ce wa Injiniya, "Allah ya yi miki albarka."

Gidanta na yanzu famfo uku gare shi, amma banɗaki ɗaya ne ke da ruwan zafi, kuma mahaifiyarta na zaune tare da su tun rasuwar mahaifinta. Washegari da safe ta fito ta tarar da layin da ta saba gani ba ta lura ba: maigidan a ciki, 'yan mata biyu na jira, Inna a kan kujerar roba da tawul a kafaɗa.

"Ku gama tukuna," in ji Inna, "ni ina..."

Injiniya ta zare tawul ɗin daga kafaɗarta, ta kama hannunta ta miƙar da ita, ta ƙwanƙwasa wa maigidan ƙofa.

"Yi sauri ka fito. Inna ce ke biye."